Ranar da Na Yi Tallan Jikana a Kara

Sana'ata dillancin awaki da tumaki. Tun haƙorana suna cike nake tsayawa a karar Kankiya ranar kasuwa, ina yabon dabbar da ba tawa ba. Ka kawo mani akuya mai tari da ido ɗaya, in na buɗe baki, kai mai ita sai ka fara tunanin ko ka fasa sayarwa. Karatu kuwa aji biyu na yi a firamare, na ukun a kan kanyar bayan makaranta na yi shi, ina leƙen masu shiga. Ɗan rubutun nan da nake ja kamar sawun kaza a toka, ajin yaƙi da jahilci ya bar mani shi. Shi ma yaƙin ba nasara na yi ba, sulhu muka yi.

To ni ɗin nan Allah ya ba jika mai karatu a makarantar da ko maigadinta ya fi tsohon hedimastanmu Turanci.

Ɗan farin babban ɗana ne. Uban ba ya kama sunanshi, uwar kuwa in an ambace shi sai ta sunkuyar da kai ta nemi abin yi a madafa. Ana yaye shi aka miƙo mana shi nan ƙauyenmu kusa da Mawashi. Tsohuwa, wato matata, ta samu wanda take kira maigida, tana malala mashi man shanu a tuwo, ni ta turo mani nawa gaya. Ni kuma na samu abokin faɗa. Ban taɓa kiranshi da wani abu ba sai Kan-tulu. Shi ma tun bai iya ɗaura tazuge ba yake ce mani tsoho mai ran ƙarfe, yana tambayata yaushe zan mutu in bar mashi matar da keken.

Bayan ƙaramar sakandare a Kankiya ya zauna wata jarrabawa, aka ɗauke shi kyauta a wata makaranta a Abuja. 'Ya'yan jakadu da na masu kamfanoni ne a ciki, wannan daga Labanan, wancan daga Indiya, wani uwarshi Baturiya. Daga gaisuwar safe har faɗan ɗakin kwana da Turanci ake yi. Aikin makarantar guda ne, ta gyara yaro ta miƙa shi jami'ar ƙasar waje.

Duk hutu yana dawowa da labarin da ke hana ni zama. Ya ce ba a duka. Na ce to da mi karatun ke shiga? Ya ce in ka yi gardama da malami ka kawo hujja, maki ake ƙara maka. Ya ce akwai kududdufi mai shuɗin ruwa da aka gina don wanka kawai, ba a shayar da ko tunkiya. Akwai kuma wani darasi da ba a koyar da komai a cikinshi sai tambaya ɗaya, wai ta yaya ka san abin da ka sani. Wannan darasin a kaina ya ƙare. In ce yau za a yi ruwa, ya ce ta yaya na sani. In ce gwiwata ta faɗa mani, ya ce gwiwa ba hujja ba ce. Ruwan ya sauko, in nuna mashi indararo in ce ga hujja nan tana zuba, ya ce sa'a ce.

Kowane ɗalibi sai ya yi wani dogon bincike kafin ya gama. Na ji 'ya'yan jakadu sun ɗauki teku da taurari. Nawa ya ɗauki ƙwarin gero. Wai yana son ya gane abin da ya sa hatsin rumbun ƙasa ke daɗewa, na buhu a ɗakin kwano ya zama gari. Ya huhhuda mani rumbu ya cusa wasu ma'aunan zafi kamar tsinken tsire, safe da rana yana zagayawa yana dubawa. Na bi shi da sanda har bakin rijiya, tsohuwa na bina da muciya.

A shekararshi ta ƙarshe maganar ta taso. Akwai wata malama Baturiya a makarantar, ba ta koyar da darasi, aikinta ta san halin kowane yaro, ta taya shi zaɓen jami'a, ta rubuta shaida a kanshi. Guraben da ake ɗaukar nauyin yaro gaba ɗaya kaɗan ne, makaranta ba ta tura suna sai na wanda ta tabbata zai tafi. An taɓa tura wani, sai da komai ya kammala danginshi suka riƙe shi, gurbin ya tafi a banza. Tun daga nan malamar ba ta sa sunan yaro sai ta yi magana da gidansu, ido da ido ta waya.

Ɗana ya taso daga shagonshi na Kusada ya same ni, yana sosa ƙeya.

"Baba, wai so suke a yi bayanin yaron nan."

"To ka yi mana. Ba kai ka haife shi ba?"

"Haba Baba. Da wane bakin?"

Uwar ko tambayarta ba a yi ba. Abin ya faɗo kaina, ni kuma na ji daɗi. Na sa babbar rigata ta Juma'a muka hau tudun bayan firamare, inda sabis ke kamawa. Ɗana ya danna wayar ya ba ni, ya koma can gindin wata bishiyar bedi ya juya baya. Ga malamar a cikin gilashi, farin gashi, tana murmushi. Gefenta wani matashin malami haihuwar Jos zai yi tafinta. Hausarshi mai kyau ce, ta kasuwa da tasha, sai dai da ka ji ta ka san bai tashi a gaban kaka ba.

Kafin mu gama gaisawa mata masu dawowa daga rijiya sun tsaya da tulunansu. Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta. Kowa ya kasa kunne.

"Tana tambaya, Baba, wane irin yaro ne a gida?"

"Rago ne," na ce. "Ci da barci. In ka ba shi fartanya sai ya tambaye ta hujja."

Matan suka yi dariya, kaina ya ƙara girma.

"Tana tambaya ko kuna alfahari da shi."

"Da mi? Kai ne kawai kamar tulu. Ya huda mani rumbu, yanzu matata yake nema ya ƙwace."

Tafintan ya tsaya. "Baba, in faɗa mata haka?"

"Faɗa mata, kada ka rage ko ɗaya."

Ya faɗa. Murmushin malamar ya ragu, ta ɗauki biro.

"Tana tambaya, in ya samu gurbi a ƙasar waje, za ku bar shi ya tafi?"

"Ya tahi ina? Wa zai ɗauke shi? Ku dawo mana da shi ya yi kiwo, in ma awakin sun yarda."

Na sauko tudun ina baza riga. Na ce wa tsohuwa na tsare mata miji daga bakin mutane, ba wanda zai kwana da shi a rai. Ni a sanina ai na yi magana a fili. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san dabbar da ake kushewa ita ake so.

Da hutun damina ya zo, ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida. Ina zaune kan tabarma na tanadi zagina tun safe. Na buɗe baki ke nan ya ajiye jaka, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

Na duba bayana ko wani dattijo ya shigo. Ba kowa. Ni yake nufi.

Haka aka yi ta yi. Da safe ya durƙusa ya gaishe ni. In ce Kan-tulu, ya ce na'am Baba. Ya kawo mani buta, ya shimfiɗa mani buzu, in na yi tari ya ce sannu. Na ɓoye mashi takalmi ɗaya a cikin rumbu, ya fita abinshi da ƙafa. Na ce gwiwata ta ce gobe za a yi ruwa, ya ce Allah ya kawo mai albarka. Ban taɓa sanin ladabi na iya zama bulala ba sai a wannan daminar. In zauna zaure in tashi, in tafi gona in tarar ban ɗauko fartanya ba, in dawo in manta abin da ya dawo da ni.

Tsohuwa ce ta tatso labarin. Ta same ni ina kwance ɗaurin akuyar da na ɗaure yanzu-yanzu.

"Malam, ka san aikin da bakinka ya yi? An cire sunan maigidana."

"Sunan mi?"

"Na masu tahiya. Baturiyar ta rubuta gidansu ba su yarda ba, kiwo suke so ya yi."

"Ai wasa ne. Ita ba ta da kaka?"

"Ka tambaye ta in ta sake kira. Maigidana ya roƙe ta, ta ce ta ji bayaninshi, amma sai ta ji daga bakin da ya ɓata."

Na same shi a gona yana cirar ciyawa tsakanin gero. Na tsaya a kanshi.

"Kai Kan-tulu."

"Na'am, Baba."

"Ka bar wanga Baban, yana sa mani zazzaɓi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "A can kullum sai na tsaya gaban aji na faɗi abin da na iya. Har takarda aka sa kowa ya rubuta ta yabon kanshi, ita ake aika wa jami'a. Abokin ɗakina a zama ɗaya ya gama tashi. Ni na yi ta rubutawa ina gogewa, ina jin muryarka tana cewa yabon kai jahilci. Da ƙyar na koya. Kai kuwa sana'arka ce, kuma sau ɗaya aka tambaye ka."

Ya ci gaba da cirar ciyawa. Na tsinke wani ganyen gero da bai yi mani laifin komai ba.

Sai na fara gwaji. In shiga turke in tsaya gaban bunsuru in ce, "Yaron nan, yaro ne mai…" sai harshen ya yi nauyi kamar an ɗaura mashi dutsen niƙa. Tsohuwa na jina daga madafa.

"Kai da ka sayar da tunkiyar da ke tafiya da baya? Yau maganar ta ƙare?"

Ba ta san dokar kara ba. Dillali ba ya tallan dabbarshi. In taka ce sai ka ba abokin sana'a, don in ka fara yabo zuciyar ce ke riƙe igiya. Ga kuma baki. Na taɓa yin wani rago da kowa ya tsaya yana yabo ana gobe jajibirin layya, washegari muka same shi ƙafafu a sama. Yaron da ya fita daga ƙauyen nan ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan jakadu, in tsaya gaban jama'a in lissafa alherinshi? Har wajen wani abokina dillali na je a Tafashiya, mai zaƙin baki, na ce ya sa rigata ya zauna a madadina. Ya yarda. Tsohuwa ta rushe shirin, ta ce Baturiyar ta riga ta ga fuskata, kuma irin wadda ba a mantawa ce, ba don kyau ba.

Ranar da malamar ta sa za ta sake kira ta faɗo ranar kasuwa. An kwana biyu ana ruwa, sabis ɗin tudu ya ɗauke, dole muka tafi Kankiya da wayar ubanshi. Niyyata in lokaci ya yi mu zagaya bayan masallaci inda ba kowa. Amma wani mutumin Kusada ya damƙa mani ragonshi tun da hantsi, ciniki ya ƙi faɗawa. Ina tsakiyar kara, taɓo har idon sawu, igiyar rago a hannuna, wayar ta yi ƙara.

Yaron ya ɗaga ta daidai fuskata da hannu biyu. Shi yana bayanta, idanunshi kawai nake gani ta sama. Malamar ce da tafintanta. Dillalai suka baro dabbobinsu suka kewaye mu, masu saye suka biyo baya, har mai shayi ya taso da ludayinshi.

Kalmomin da na tara a turke duk suka watse. Sai na tuna a kara ba a cewa dabba mai kyau ce, kowa na faɗin haka. Bakinta ake buɗewa a nuna haƙora, a ja ta ta yi tafiya a gani, sannan ka faɗi aibinta da kanka kafin mai saye ya gano.

"Ce mata," na ce wa tafintan, "hutunshi na farko ya dawo mana kamar karan dawa. A ɗakin kakarshi na ji yana faɗi, wai in ya yi Turanci yara na dariya, shi kaɗai yake cin abinci. Ni na ce ya zauna, Kankiya ma akwai makaranta. Ranar komawa kafin in fito ya ɗauki jakarshi ya kai bakin titi. Ba wanda ya raka shi."

Tafintan ya juya.

"Ce mata rumbun da ya huda, da ya gama ya kwaɓa ƙasa ya toshe kowace huda da hannunshi. Abin da ya gano bai bar shi a Turanci ba. Ya tara matan unguwa ya yi masu bayani da Hausa, har suka fitar da buhunansu daga ƙarƙashin kwano. Ni ban je ba, ta katanga na saurara."

"Nawa aka taya?" wani dillali ya jefo daga baya.

"Albarka," wani ya amsa mashi. Aka yi dariya.

"Ce mata yana da aibi. Taurin kai gare shi. Ba ya karɓar magana sai ya juya ta ya ga cikinta, ko ta wa ce. Kuma in ya yi shuka layin kamar maciji ya bi."

Wannan karon malamar ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta yi magana, tafintan ya ce, "Ta ce wannan aibin sun san shi, shi suke nema." Sannan ta gyara zama, dariyar ta tafi.

"Tana sake tambaya, Baba. In ya samu, za ku bar shi ya tafi?"

A nan na gane duk abin da na faɗa a kan tudu wasa ne, ban da amsar wannan tambayar. Ita da gaske na yi ta, na naɗe ta cikin wasa don kada a gani. Abuja ma in ya tafi, gidan nan zama yake kamar an yi sata. Wannan kuwa wurin da ake cewa in muna rana su suna dare.

"In ya tahi, wa zai riƙa zagina?"

Ban yi nufin ta fito ba. Tafintan, mai gaskiyar Allah, ya juya ta. Malamar tana jira. Idanun nan biyu na saman waya suna kallona, ba ladabi a cikinsu yanzu, ba kuma wasa.

"Ce mata a wurinmu ciniki ba ya ƙarewa sai mai dabba ya miƙa igiya da hannunshi. Ba uban ba ne, ba uwar ba ce, ni na riƙe ta tun aka yaye shi." Na buɗe tafina na miƙa wa gilashin. "Ga ta. Ya tahi."

Ta rubuta wani abu, ta yi godiya, gilashin ya yi baƙi. Ban tsaya ba na juya kan jama'a. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, dillali da mai saye da mai shayi, na ce duk wanda kunnenshi ya ji sai bakinshi ya ce tubarkalla. Wani kurma ma sai da na sa ya motsa leɓe.

Ina cikin haka na ji murya a bayana.

"Tsoho."

Na juya.

"Tsoho mai ran ƙarfe, ina ragon mutane?"

Na dubi hannuna. Igiyar da na miƙa ta gaske ce. Ragon mutumin Kusada ya riga ya kai rumfar masu ganye, ya sa kai cikin kwandon wata mata, tana ɗaga murya tana neman mai shi. Muka bi shi da gudu, ni riga a hannu ina zamewa a taɓo, Kan-tulu na gaba yana dariya yana cewa ga dillalin da ya sayar da jika ya ba da rago gyara.

A mota muna komawa na ce mashi duk abin da ya ji ƙarya ce irin ta kara, kada ya ɗauka. Ya ce ta yaya zai san wanne ne ƙarya, na tudu ko na kara. Na ce ya tambayi gwiwata.

An mayar da sunanshi kafin hutu ya ƙare. Ya koma Abuja, takardunshi sun tafi inda za su, an ce sai bayan an girbe dawa za a ji amsa. Tsohuwa ta fara soya mashi ƙuli tun yanzu, na ce zai yi tsutsa kafin lokacin, ta ce ba ni za a ba ba. Ni dai zama ya ƙi. Ɗana ya gaji da arona ya bar mani tsohuwar wayarshi. Da hantsi nakan sa ta a aljihu in hau tudun bayan firamare, ba wanda ya ce zai kira. In tsaya in duba ko sabis ya kama. In ya kama in sauko, in kai gindin bedi, in sake hawa.